Dilan gidanmu ya ba ni kunya: in bar Toyota in koma wata mota?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne, ina zaune a Kubwa, ina aiki a cikin gari. Tun ina yaro ba a hawa wata mota a gidanmu sai Toyota, kuma wurin mutum ɗaya mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yake saye. Yanzu dattijon ya manyanta, ɗansa ne ke riƙe da filin motocin. Mako biyar da suka wuce na sayi Corolla ƙirar 2015, 'yar Amurka, a hannun ɗan, da kuɗin da na yi shekara huɗu ina tarawa. Saboda sanayya ban je da bakanike ba. Ya ce mini ba ta taɓa haɗari ba, kuma in wani abu ya taso cikin wata uku in dawo da ita. Da baki ya faɗa. Bayan kwana goma sha biyu ta fara fizga in na taka totur a cikin cunkoso, fitilar injin kuma ta kama. Na koma sau uku. Ranar da zan biya kuɗi har lemo aka kawo mini, yanzu kuwa yaransa ne ke tare ni da cewa oga ya fita. Takardar kwastam ma kwafi aka ba ni. Maiɗakina ta ce in sayar in sayi Honda, abokin aikina ya ce sabuwar motar China mai garanti ta fi. Ni dai Toyota ta fita daga raina gaba ɗaya, ga shi kuma ina jin nauyin dattijon. Ina mafita?

Wani mai karatu daga Kubwa, Abuja

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sanyaya maka zuciya. Tarin shekara huɗu ba abin wasa ba ne, kuma abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne a ce wanda ya tarbe ka da lemo jiya, yau sai ka nemi iso wurin yaransa. Ɓacin ranka yana kan hanya. Abin da muke so ka sake dubawa shi ne wanda ka ɗora wa shi.

Mutum uku ne ke bayan kowace mota: wanda ya ƙera ta, wanda ya sayar maka, da wanda zai riƙa gyara maka ita. Ga mai sayen sabuwar mota a shagon wakilin kamfani, ukun nan kusan gida ɗaya ne. Ga mai sayen Beljiyam a Abuja kuwa, babu abin da ya haɗa su. Motarka ta bar masana'anta tun 2015 ko ƙarshen 2014. Ta zauna a hannun wani a Amurka, mai yiwuwa ta bi ta wurin gwanjo, ta hau jirgin ruwa, ta sauka a Legas, aka gyara mata fuska, aka hauro da ita Abuja. Mai filin da ya sayar maka ba wakilin Toyota ba ne, kamfanin ma bai san da zamansa ba, kuma gobe in Honda ko Hyundai ta fi ba shi riba ita zai jera a gaba. Alkawarin wata uku nasa ne, kwafin takardar kwastam nasa ne, "oga ya fita" ma nasa ne. In ka huce a kan tambarin da ke goshin motar ka ƙyale dilan, an yi kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Saboda haka kada ka sayar da ita yanzu. In ka faɗa wa mai saye gaskiyar halin da take ciki, zai taya ta da farashin da zai sa ka kuka. In ka ɓoye masa, ka yi wa wani bawan Allah abin da aka yi maka. Kuma da zarar ta bar hannunka, hujjarka a kan dilan ta tafi tare da ita.

A fara da motar kanta. Corolla 'yar Amurka ta 2015, in LE ce ko S mai otomatik, giyar CVT ce a jikinta. Ba irin tsohuwar otomatik ba ce da za ka ji tana shiga ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Bel ne na ƙarfe yake gudu tsakanin fuli biyu masu tsukewa da buɗewa, kuma man giyar ne ke sa bel ɗin ya riƙe fulin da kyau. In ya fara zamewa ana ci gaba da taka mota, yana kankare fuskar fulin, daga nan gyara ya wuce, sai dai a sauke giyar gaba ɗaya a ɗora wata. Don haka daga yau ka rage hawanta, musamman a cunkoson safe na hanyar Kubwa inda ake tashi ana tsayawa sau ɗari. In ka ga fitilar injin tana ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, ka faka ta nan take, domin wannan alama ce ta injin yana tsallake wuta sosai.

Abu biyu kada ka yarda a yi kafin ka tara hujja. Kada wani ya cire kan batir ko ya goge lambobin matsala da ke cikin kwamfutar motar don fitilar ta mutu. Kuma kada a juye man giya ko a kwance wani abu a jikinta. Duk wanda aka yi cikin biyun, dilan ya samu abin faɗa: bakanikenka ne ya ɓata ta.

Ka kai ta wurin mai na'urar sikanin wanda ba shi da alaƙa da filin. Akwai su da yawa a Ƙauyen Kanikawa na Apo, kuma ka nemi wanda ya saba da giyar CVT, ba wanda zai koya a kan motarka ba. Ana jona na'urar a wani soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Ka tsaya a wurin, ka ɗauki hoton allon na'urar da wayarka, lambar shasin motar da kwanan wata suna fitowa a jiki in zai yiwu. Ga yadda za ka fahimci abin da ya fito. Lambobi daga P0300 zuwa P0304 suna nufin injin yana tsallake wuta, kuma sau tari filogi ne ko koyil, wani lokacin gurɓataccen fetur. Wannan labari ne mai daɗi, domin fizgar da kake ji tana iya zama daga nan, giyar lafiyarta ƙalau, gyaran kuma na awa ɗaya ne. Lambar da ta fara da P07 ta shafi giya. P0420 kuwa tana cewa abin tace hayaƙi da ke cikin salansa, wanda kanikawa ke kira katalis ko indomi, ba ya aiki, kuma a motocin da suka bi hannuwa da yawa sau da dama cire shi aka yi aka sayar, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa. A ɗaga motar ka leƙa da idonka: in ka ga sabon walda a jikin bututun salansa kusa da injin, inda sauran wurin duk ya yi tsatsar shekaru, ka ɗauki hotonsa.

Kwana goma sha biyun da fitilar ta yi kafin ta kama yana da ma'ana, ko da yake shi kaɗai bai isa hujja ba. In aka goge lambobi kafin a sayar da mota, kwamfutar tana buƙatar tafiye-tafiye da dama, sanyi da zafi, cikin gari da babbar hanya, kafin ta kammala gwaje-gwajenta ta sake kunna fitilar. Wannan ne ya sa mota ke fita daga fili dashbod ɗinta tsaf, bayan mako ɗaya ko biyu ta fara magana.

In maganar ta faɗa kan giya, abin da za a fara tuhuma shi ne man da ke cikinta. Wannan giyar tana da manta na musamman, Toyota CVT Fluid FE, kuma ba ta da sandar gwajin mai irin ta tsofaffin motoci. Ana auna matakinsa ta ƙasa, motar tana daidai a kan na'urar ɗagawa, man yana wani zafi da aka ƙayyade. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗura mata jan man otomatik na gama-gari a lokacin da ake shirya ta don kasuwa, ko a zuba daidai man amma a auna shi da ka. Bakanike zai iya ɗibar ɗan kaɗan a kwalba mai haske a gabanka: launinsa, warin ƙonewa, da ɗan ƙyalƙyalin garin ƙarfe a ciki za su faɗi abu da yawa. Ka sa ya rubuta abin da ya gani a takardar garejinsa, ya sa hannu da kwanan wata, ya kuma rubuta ƙiyasin kuɗin gyara.

Sai maganar "ba ta taɓa haɗari ba". Wannan ita ce mafi sauƙin tantancewa, domin motar Amurka tana tafe da tarihinta. Lambar shasi harufa da lambobi 17 ce, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kuma jikin takardar da aka manna a ƙofar direba, wadda ke nuna wata da shekarar da aka ƙera ta. Ka tabbata biyun sun zo ɗaya, kuma sun dace da abin da ke rasit ɗinka. Harafi na goma shi ke nuna shekara: E na 2014 ne, F na 2015, G na 2016. In ka ga E, to an sayar maka da 2014 a farashin 2015. Da wannan lambar za ka sayi rahoton Carfax a intanet, wanda yakan nuna haɗarin da aka kai rahotonsa, ko ambaliya ta taɓa cin motar, ko kamfanin inshora ya yanke cewa gyaranta ya fi ƙarfin darajarta, da kuma mil nawa mitarta ta nuna a lokuta daban-daban. In rahoton ya ce ta yi mil 160,000 kafin ta bar Amurka, mitarka kuma tana nuna 80,000, an juya ta. Ka tuna mitar motar Amurka mil take ƙirgawa, kuma mil ɗaya kusan kilomita 1.6 ne. Haka nan in ka rubuta lambar shasin a Google, sau da yawa hotunan motar a filin gwanjo na Copart ko IAA suna fitowa, yadda take kafin mai gyaran bodi ya taɓa ta. Hoto ɗaya irin wannan ya fi dogon musu.

Ka haɗa da abin da ido ke gani. Kusoshin da suka riƙe bonet da fenda in an taɓa kwance su, fentin kansu yakan ɓantare. Ka ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ka duba ko akwai layin da ruwa ya bari, ka ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ƙarafan da kujeru ke gudu a kai ko sun yi tsatsa. Fitilar jakar iska, wato jakar da ke buɗewa ta kare mutum in an yi karo, ya kamata ta kama in ka kunna makulli, ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. In ba ta kamawa sam, wani ya yi mata dabara, kuma mai yiwuwa babu jakar a cikin sitiyarin. Wannan ya wuce maganar kuɗi, iyalinka ne ke shiga motar.

Akwai abin da ka ambata a wucewa wanda a ganinmu ya fi giyar haɗari: kwafin takardar kwastam. Giya in ta mutu kuɗi za ta ci, amma motar da ba a biya mata haraji daidai ba ana iya ƙwace ta a hanya, kuma a lokacin wanda ke riƙe da makulli ake tuhuma. Tun Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, abin da muka saba kira motar Kwatano, saboda haka ya kamata takardunka su nuna tashar ruwan da ta shigo, lambar takardar shigowa, shaidar biyan haraji a banki, da lambar shasi daidai da ta motarka harafi da harafi. Wasu takardun na gaskiya ne amma na wata motar, wasu kuma an rage shekarar motar don a biya ƙasa da abin da ya kamata. Ka ɗauki kwafin ka je ofishin Hukumar Kwastam da ke Abuja a duba maka shi. Kafin ka samu tabbaci, kada ka fita da motar zuwa Kaduna ko Jos ko Lokoja.

Yanzu mu zo kan mutumin. Alkawarin baki alkawari ne, matsalarsa dai tabbatarwa. Tunda zuwa fili ba ya haifar da komai, ka daina zuwa kai kaɗai kana jira a benci. Ka aika masa da saƙo a rubuce ta WhatsApp, cikin ladabi, ba zagi ba barazana, kamar haka: "Alhaji, barka da aiki. Game da Corolla da na saya ranar kaza, mai lambar shasi kaza, wadda ka ce in wani abu ya taso cikin wata uku in dawo da ita. Ga abin da bincike ya nuna." Sai ka haɗa hotuna da takardar bakanike. Duk amsar da ya bayar wadda bai musanta wata ukun ba, ko da saƙon murya ne, ta zama shaida, ka adana ta a wani wurin ban da wayarka. In akwai wanda ya raka ka ranar ciniki, ka sanar da shi tun yanzu.

A cikin saƙon ka faɗi abin da kake nema a fili, domin "a duba mini" ba ya ƙarewa. Zaɓi uku ne: ya biya kuɗin gyara a garejin da ku biyu kuka yarda da shi, ko ya canza maka wata motar bayan bakanikenka ya duba ta, ko ya karɓi abarsa ya maido maka da kuɗinka. In filogi ne ko koyil, shawararmu ka gyara da kanka ka bar maganar a kan asalin takardar kwastam kawai, domin tsohuwar mota ba ta rasa irin wannan. In giya ce ko katalis, gyara a kansa yake. In kuwa rahoto ya nuna babban haɗari, ko ambaliya, ko juya mita, ko takarda ta fito ta bogi, kada ka karɓi gyara, kuɗinka za ka nema. Ka ba shi wa'adi mai rana, kwana bakwai ya isa. In ya ce ka kawo motar a duba, ka kai, amma da takardar da ke nuna ranar da ka ajiye ta, abin da mita ke nunawa, da abin da za a yi mata, wani daga cikinsu ya sa hannu. Motoci da yawa sun shiga "a duba" sun fito da giyar da ta fi ta farko lalacewa.

Nauyin dattijon da kake ji abu ne mai kyau, kuma bai kamata ya zama abin da zai rufe maka baki ba. Shi ne ma ƙofarka mafi kusa. Mutumin da ya yi shekaru yana sayar wa mahaifinka mota ba tare da an ji kansu ba, sunansa ne ɗansa ke ci da shi, kuma yana da haƙƙin ya san abin da ake yi da sunan. In wa'adin ya cika ba amsa, ka nemi wani babba a danginku da ya san zumuncin, baffanka ko aminin mahaifinka, ku je gidansa bayan la'asar, ba fili ba. Ku gaishe shi, ka ce, "Baba, wata matsala ce ta taso tsakanina da ɗan'uwana, na ga bai dace in kai ta ko'ina ba kafin ka ji." Ka miƙa takardun, ka yi shiru. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ba sai an ɗaga murya ba. Addini ma yana tare da kai a nan: malaman fiƙihu sun tabbatar wa mai saye zaɓin mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi. Neman a rubuta yarjejeniya ba rashin yarda ba ne. Duk abin da aka cimma a gaban dattijon, a sa shi a takarda kafin a tashi.

In hakan bai yi ba, akwai ƙungiyar dilolin motoci, AMDON, in shi mamba ne, kuma shugabanninta kan shiga tsakani. Bayanta akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda hedikwatarta ke nan Abuja, ana kuma shigar da ƙorafi ta shafinta na intanet. Dokar da ta kafa ta, ta 2018, ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi cikin wata uku da karɓarsa, a gyara, ko a canza, ko a maido da kuɗi, sai fa in an bayyana masa aibin tun farko ya yarda ya saya a haka. Ba za a auna tsohuwar mota da ma'aunin sabuwa ba, amma ɓoye haɗari ko juya mita yaudara ce a kowane ma'auni. Mako biyar sun riga sun tafi, saura kamar takwas, don haka lallashi ba zai zama na har abada ba. Kotu ita ce ta ƙarshe, kuma kafin nan ka zauna da lauya. Kada ka kai shi wurin 'yan sanda don su karɓo maka kuɗi, ba aikinsu ba ne, sai dai in takarda ta tabbata ta jabu. Kuma ka riƙe hannunka daga wallafa sunansa da hotonsa a Facebook cikin fushi, domin yana iya juya maganar ta zama ta ɓata suna.

To, Toyota ko Honda ko ta China? Iyayenmu sun taɓa riƙe Peugeot fiye da yadda gidanku ya riƙe Toyota. Tun da masana'antar Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, Fijo 504 ta zama motar ofis, motar tasha, motar mai rufin asiri, kuma kowane gari akwai bakaniken da zai kwance ta ya ɗaura ido rufe. Da darajar naira ta faɗi, sabuwa ta fi ƙarfin ma'aikaci, motocin Japan na hannu suka cika kasuwa, kayan gyara da kanikawa suka bi su, jama'a ma suka bi. Abin da mahaifinka ya riƙe ba tambari ba ne don kansa. Ya riƙe motar da in ta tsaya a hanya zai samu kayanta a garin da ke gaba, in kuma ya tashi sayarwa akwai mai saye a ranar. Da wannan ma'aunin za ka auna, kuma a Abuja ta yau Corolla tana cikin waɗanda suka fi cika shi.

Wannan ba ya nufin akwai kamfanin da ba shi da tabo. Camry ta 2007 zuwa 2009 mai injin 2.4 ta yi suna da shan baƙin mai, dashbod ɗin wasu na wannan zubin kuma yakan narke ya yi danƙo a rana. Tsofaffin Honda Accord an san su a hanyoyinmu da son a kula da ƙafar gaba. Matsalar jakar iska ƙirar kamfanin Takata ta shafi Toyota da Honda da Nissan da wasu da dama, kuma da lambar shasi za ka iya duba ko motarka tana cikin waɗanda aka kira gyara, kyauta, a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka. Shekara da injin da tarihin mota guda sun fi sunan kamfani faɗin gaskiya. Ka gaya wa maiɗakinka cewa Honda mota ce mai kyau, amma Accord mai silinda huɗu daga 2013 ita ma yawancinta CVT ce, da nata man daban, HCF-2. In aka saye ta a irin wannan fili, ba bakanike, ba takarda, an gudu ne ba a tsira ba.

Shawarar abokin aikinka ta fi cancanci a tsaya a kanta, domin sabuwar mota, ko GAC ce ko Changan ko Chery ko Innoson da ake harhaɗawa a Nnewi, tana zuwa da abin da ka rasa: garanti a rubuce da adireshin da ba ya ɓacewa. Amma kada ka auna su a ɗakin baje koli mai sanyi, can kowa fara'a yake. Ka zagaya baya, wurin gyara, da safiyar ranar aiki, ka gaisa da waɗanda ke zaune suna jiran motocinsu, ka tambaye su kwana nawa suka yi. Ka je teburin kayan gyara ka tambayi farashin abu huɗu: takalmin birki, fitilar gaba, gilashin gaba da bamba, sannan ka ce, suna nan a Abuja yanzu ko sai an aiko daga Legas, ko sai daga China? Amsar wannan ita ce makomarka ranar da ɗan acaɓa ya goge ka. Ka karɓi takardar garantin ka karanta a gida. Yawanci ana rubuta shi da shekaru ko kilomita, duk wanda ya riga cika, kuma yakan faɗi in ka yi juyen mai a wani gareji ko ka wuce lokacin sabis. Ka tambayi kuɗin kowane sabis har zuwa ƙarshen garantin, ka haɗa da farashin. Daga nan ka leƙa filayen motoci ka ji nawa ake taya irinta mai shekara uku.

Duk inda ka je nan gaba, ana gane dila tun kafin a biya. Wanda ya yarda ka zo da bakanikenka da na'urarsa, ya bar ka ka tayar da motar da sassafe injin yana sanyi, ya bar ka ka hau babbar hanya da ita har ta yi zafi, ya ba ka lambar shasi ka tafi da ita gida, wannan ba ya ɓoye komai. Wanda ya ce wani yana hanya da kuɗi, ka ajiye kafin alƙalami yanzu, ka yi masa sallama. Ka biya ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan kamfanin, rasit ya ƙunshi lambar shasi, abin da mita ke nunawa, da duk alkawarin da aka yi da baki, kuma cikon kuɗi ya jira asalin takardun kwastam. In da dillali a tsakani, a yanke la'adarsa tun farko, ka kuma tuna cewa cinikin ya faɗa shi ne abincinsa.

In bincike ya nuna motar nan ba ta yi babban haɗari ba, takardunta kuma suka fito daidai, muna ganin ka riƙe ta. Bayan an warware da dilan, a juye baƙin mai da 0W-20, kimanin lita 4.2 har da filta, a canza man giya da nata na asali a hannun wanda ya san yadda ake auna shi. A duba ko an cire mata tamostat, wato abin da ke daidaita zafin injin, ko an haɗa fankar lagireto kai-tsaye, dabarar da ake yi wai don zafin ƙasarmu alhali tana hana injin kai zafin aikinsa, ya riƙa shan mai yana saurin tsufa, in an yi a mayar yadda kamfani ya yi, a zuba ruwan lagireto mai launin hoda maimakon na famfo. Tayoyin ma ka duba gefensu: lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT mako ne da shekara, 2318 na nufin mako na 23 a 2018, kuma tayar da ta haura shekara biyar ko shida, ko da zanenta bai cinye ba, ba ta dace da zafin kwaltar hanyar Kubwa a watan Maris ba.